Sunan Wani a Zanen Gadon Amarya

Ranar Laraba da hantsi aka warware zanen gadon, a ɗakin amarya, gaban matan da suka zo jere. Fari ne tas, an yi masa surfani da zare ruwan zinare, furanni a gefe, a tsakiya kuwa sunaye biyu da rubutun larabci sun sarƙe da juna. Mata suka ɗauki guɗa. Goggo Jebba ce kaɗai, yayar uban ango, ba ta buɗe baki ba. Ita malamar Islamiyya ce, kuma Allah ya yi ta mai karanta duk abin da idonta ya faɗa a kai, ko da takardar ƙunshin ƙosai ce. Ta gyara tabarau, ta bi rubutun da yatsa.

"Nafisatu dai na gani," in ji ta. "Amma yaushe aka sake raɗa wa ɗanmu Ziyad suna, ya koma Kamilu?"

Goggo Jebba ta naɗe zanen, ta danna shi a hammata, ta ce a gaya wa uwar amarya tana jiran bayani kafin a tafi masallacin Juma'a. In ba ta samu ba, kada wanda ya wahalar da kansa zuwa ɗaurin aure ran Asabar.

Kafin azahar labari ya gama unguwar Roumdé Adjia, kuma kowa ya yanke nasa hukuncin. Masu moto, 'yan achaɓa, suka ce amarya ce, har yanzu zuciyarta na wajen tsohon saurayi. A teburin mai shayi aka ce Nicolas ne, mai injin surfanin, an saye shi. Wa ya saye shi? Nan kam baki ya zo ɗaya. Kamilu ɗaya ne a unguwar da ya taɓa neman Nafisatu, kuma shi ne mai gyaran kwamfutar shagon uwarta.

Kamilu Mai Sawu ake ce masa. Kakansa a Bogo ya yi suna wajen bin sawun shanun sata, shi kuma jikan sai ya koma bin sawun wayoyi da abubuwan da suka ɓace a cikin kwamfuta, daga wani ƙuntataccen shago a bakin kasuwa. Yana zaune yana kwance wata waya labarin ya same shi. Ya kamata a ce ransa ya ɓaci. Gaskiya ita ce wani daɗi ne ya fara ratsa shi har tafin ƙafa, sai daga baya kunya ta biyo. Shekara biyu ke nan da ya daina zuwa gidan su Nafisatu, don kawai ya tarar da ita tana dariya da wani jami'in duwan, wato kwastan, da ya zo karɓar ɗinki. Ya yi fushi, ya zauna jiran a aiko ban haƙuri. Ban haƙurin bai zo ba, sai katin gayyata.

*

Hajiya Ramatu, uwar amarya, ba ta aika ba, da ƙafarta ta zo. Mace ce da ta riƙe shagon surfanin mijinta tun rasuwarsa, ba a saba ganinta a rikice ba, amma yau mayafinta ma a karkace yake.

"Jam na, Hajiya?" ya gaishe ta, yana miƙewa.

"Babu jam, Kamilu. Kalle ni nan. Ka ci tuwo a gidana. In kai ne, ka faɗa, in bar ka da Allah."

"Wallahi ba ni ba ne, Hajiya."

"To in ba kai ba ne, zo ka nuna min ko wane ne. Ba zan kai maganar 'yata komisariya gaban 'yan sanda ba. Ziyad na can yana cewa sai an kulle Nicolas, ni kuwa ban san wanda zan kama ba."

Ya ɗauki jakarsa. A hanya yana bayanta yana tambayar kansa ko me ya kai shi. In ya yi shiru, auren zai mutu da kansa, babu hannunsa a ciki. In ya bi sawun, ya gyara wa Ziyad hanya, Ziyad mai manyan motoci, mai agogon da ke ƙyalli tun daga nesa, wanda ko ranar Litinin ɗin nan a gaban wata motarsa Kamilu ya dawo daga Ngawundere, inda ya kwana biyu yana jiran kayan gyara daga jirgin ƙasa. Har direban ya ƙi karɓar kuɗin mota, wai ai patron, maigidansa, ba ya karɓa daga 'yan unguwa. Abin yana nan yana cin Kamilu.

*

Nicolas na zaune kan benci kusa da injinsa, hannu a haɓa. Mutumin duwatsun Mokolo ne, ya daɗe a Garwa, ba shi da yawan magana.

"Hamma Kamilu, Allah ya gani, ni ban iya arabiya ba," in ji shi. "In na duba, fure nake gani da wani fure. Ran Litinin da safe na kunna, na gyara agogo, na ɗauki fayil na sama, na sa a kile, na kai wa inji. Sa se tu, shi ke nan. Haka nake yi kullum."

"Na sama?"

"Ai kai ka koya mana. Sabo yana sama. In an yi gyara, gyaran ke hawa kai, ni ba na tambayar kowa."

Haka ne, shi ya koya musu. Kwamfutar shagon ta tsufa, shi ya tayar da ita, ya jera mata ayyuka ta yadda na baya-bayan nan zai riƙa zama a kan layi. Sai dai batirin agogonta ya mutu tuntuni. Da an kashe ta, ko an ɗauke wuta, sai ta farka tana tsammanin har yanzu shekarar da aka ƙera ta ake ciki. Duk abin da aka adana a lokacin sai ya nutse can ƙasan jeri, a yi ta nema. Don haka ya nuna wa Nicolas da Nasiha, mai zanen surfanin, yadda za su rubuta mata kwanan wata kafin su taɓa komai. Ya yi alkawarin kawo sabon batiri, sai fushinsa ya zo ya shiga tsakani.

"Ina kilen?"

Nicolas ya zaro ɗan abin ajiyar fayil ɗin, wato filash, daga aljihun gaba. "Madam ta riga ta duba. Na banzan yana ciki. A kwamfuta kuwa babu shi, na kirkin ne kawai. Shi ya sa kowa ke kallona." Muryarsa ta karye. "Matata Rosine na da ciki, Hamma. In aka kore ni da sunan munafuki, wa zai ba ni inji a garin nan?"

*

Malam Isa yana bayan shago a kan tabarma, da alƙalamin kara da tawada. Shi ke rubuta sunaye da larabci a takarda, Nasiha ta mayar da su zanen da inji zai bi. Abokin marigayi baban Kamilu ne, kuma kowa ya san bai taɓa ƙaunar Ziyad ba.

"Ka zo kama ni ne, ɗana?" ya ce yana dariya. "Zauna. Ziyad na rubuta, da alƙalamin nan, ina yi ina tsaki. Ga takardar."

Kamilu ya nuna masa hoton zanen gadon da mata suka riga suka watsa a waya. Tsohon ya kai shi kusa da hanci, dariyarsa ta ragu.

"Ikon Allah. Wannan hannuna ne. Dubi wutsiyar lam ɗin, ba mai ja ta haka sai ni."

"To Baba, yaushe ka rubuta sunana?"

"Ina zan tuna? Rabin ma'auratan Garwa a kan rubutuna suke kwana. Amma ba bana ba ne. Tun da idona ya fara hazo nake ƙara wa harafi kauri, wannan kuwa siriri ne." Ya miƙa masa wayar. "Da son raina ne, da kai ne angon. Ziyad ɗin nan ba shi da tsayayyen ido. Da farko wajen Nasiha yake zama, ya kawo riga ɗaya ya yini yana zaɓen zane, har mun fara yi mata tsiya. Nafisatu na dawowa hutu daga jami'a, kujerarsa ta juya."

Kamilu ya ji maganar, amma ba ta zauna masa ba. Abin da ya tsaya masa shi ne wani ya taɓa sa an rubuta sunansa kusa da na Nafisatu.

Nasiha kuwa tana teburinta tana tsince zare. 'Yar ƙanen Hajiya ce, a gidan ta tashi, ta girmi Nafisatu da kaɗan. Ta amsa masa ba tare da ta ɗago ba. Ran Juma'a ta gama zanen, Hajiya ta gani da idonta, Ziyad ne a jiki. Ran Asabar da yamma suka rufe shago. Ran Lahadi ciwon kai ya kwantar da ita, ko rakiyar kayan kicin gidan amarya ba ta je ba.

"Ka tambayi mai kile," in ji ta.

*

Washegari da safe ya zauna gaban kwamfutar shi kaɗai. Bai yarda da hotunan dosiye, jakunkunan fayil masu launi da ake dannawa ba, suna nuna wa mutum abin da suka ga dama. Ya buɗe baƙar tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, ya soka kilen Nicolas, ya buga ls. Sunaye suka zubo bisa jerin haruffa, ba su ce masa komai ba. Ya sake bugawa, ya ƙara l da t, wato a jera su da cikakken bayani, sabo a sama. Jerin ya juye. A kan layi ga nafisatu-gyara, an adana shi ranar Lahadi da hantsi.

Lahadi, ranar da shago ke kulle.

Ya koma dosiyen zane na kwamfutar. Wanda ya yi aikin ya share bayansa, babu nafisatu-gyara. Amma ba a zana irin wannan sarƙaƙƙen rubutu a zama ɗaya, dole akwai inda aka ɗauko shi. Zane-zanen kuwa sun yi yawa, ya yini yana buɗewa ba zai gama ba. Kakansa in ya ga sawu, tsinke yake karyawa daidai faɗin kofaton, ya sa a aljihu, ya tafi kasuwar shanu yana gwadawa. Kamilu ya dubi nauyin fayil ɗin da ke kile, ya rubuta lambar a tafin hannu, ya canja t da babban S, don a jera masa komai bisa girma. Ya gangara da ido a hankali. A tsakiyar jeri ya ci karo da lambar, ba ragi ba ƙari, a jikin wani fayil mai suna fure-tsoho.

Ya buɗe. Nafisatu da Kamilu, siririn rubutu, wutsiyar lam ta naɗe sunanta.

Ya dubi kwanan watan, ya daɗe yana dubawa. Shekara biyu da suka wuce, satin Babbar Sallah. A satin ne ya ga jami'in duwan. Yana can shagonsa yana kumbura, ita tana nan tana sa a zana musu zanen gado. Ya ji kamar ya mari kansa. Bayan haka kuma sai wani tunani ya taso masa, mai daɗi, mai haɗari: wa ya san da wannan fayil in ba ita ba? Ko dai masu moto sun yi gaskiya?

*

Da ya je gidan, Hajiya ta kira masa 'yarta, ta bar musu falo, ƙofa a buɗe. Nafisatu ta fito da lalle a hannu, idanunta sun kumbura. Ya yi niyyar ya yi tambaya irin ta mai bincike, sai bakinsa ya riga shi.

"Na ga fure-tsoho."

Ta zauna a hannun kujera. "Na zaci an goge shi."

"Ke kika sa aka zana?"

"Ni ce. Na karɓi sunanka wajen Malam Isa, na ce na ƙawata ne. Adda Nasiha ta zana min a ɓoye. Na so in nuna maka da sallah."

"Nafisatu," ya sassauta murya, "ke kika mayar da shi sama? In ba kya son auren nan, ki faɗa min. Ni har gobe..."

"Kamilu, ka yi wa kanka faɗa." Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Na jira ka har damina ta wuce. Ko gaisuwa ba ka aiko ba. Ziyad nake so, kuma shi zan aura in Allah ya yarda. Kwamfutar nan ko kunna ta ban iya ba."

Ya sunkuyar da kai. Kishi ya taso masa har yana jin ɗacinsa a harshe. Ya tsani Ziyad a lokacin, ya tsani motocinsa, ya tsani yadda ta furta sunansa a hankali.

"Wa ya san da fayil ɗin bayan ke?"

"Adda Nasiha kaɗai. Amma Adda ba za ta yi min haka ba, ɗaki ɗaya muke kwana." Ta share hawaye da bayan hannu don kada ta ɓata lalle. "Gobe in Goggo Jebba ta tambayi inda zanen ya fito, gaskiya zan faɗa. Na san halinta. Za ta ce ɗansu ba zai auri wadda ta ɗinka wa wani gado ba."

Kamilu ya fito yana sane da abin da ke hannunsa. Ba sai ya yi ƙarya ba, ba sai ya ɓoye komai ba. Ya faɗi gaskiya duka, ya wanke kansa, ya wanke Nicolas, auren ya rushe, kuma kowa ya yaba masa. Ya taka har bakin gadar Binuwai ya dawo, tunanin bai bar shi ba.

*

Juma'a da hantsi aka taru a shagon. Goggo Jebba ta sami kujerar Hajiya, zanen gadon a cinyarta. Ziyad na tsaye bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota, bai amsa sallamar Kamilu ba. Malam Isa ya jawo tabarmarsa ciki. Nicolas ya rakuɓe jikin inji. Nafisatu da Nasiha na benci ɗaya.

"Bon," in ji Ziyad, "wanda ake zargi shi ne alƙali. Sai a Garwa."

"Ka yi haƙuri ka ji," in ji Hajiya.

Kamilu ya zare wayar kwamfutar daga bango, ya bari ta mutu, ya mayar. "Adda Nasiha, useko, don Allah zo ki kunna, ki nuna wa Goggo zanen da kika gama ran Juma'a."

Nasiha ta taso ta zauna. Kwamfutar ta farka. Kafin ta je ga zanen, yatsunta suka buɗe baƙar taga, ta saci kallon wayarta, ta buga wasu lambobi, ta rufe. Abin bai ɗauki lokacin haɗiye yawu ba. Sannan ta buɗe zanen, ga Nafisatu ga Ziyad.

"Me kika fara yi yanzu?" ya tambaye ta.

"Agogo na gyara. Ai kullum haka ne."

"Kullum haka ne," ya maimaita. Ya juya wajen Goggo Jebba. "Goggo, kwamfutar nan in ta mutu ta tashi, mantuwa take yi, ta koma shekarun baya. Duk abin da aka ajiye ba a gyara mata agogo ba, ƙasan jeri yake faɗawa. Nicolas kuwa na sama yake ɗauka, bai iya karanta larabci ba, bai san abin da yake ɗinkawa ba. Wanda ya shirya abin nan ya san duka biyun. Ya san in bai gyara agogo ba, Nicolas ba zai ga tarkon ba. Da ya gyara kuwa, sai ranar ta manne a jikin fayil ɗin. Ya goge na kwamfuta, ya manta Nicolas ya kwashe shi da kwanan watansa."

Ya soka kilen, ya jera shi sabo a sama, ya juya fuskar kwamfutar. Goggo Jebba ta gyara tabarau ta karanta da kanta.

"Lahadi," in ji ta. "Da hantsi."

"Mu uku muka iya gyara agogon nan. Ni ran Lahadi ina Ngawundere, ba ni da makullin shago, kuma a motar Ziyad na dawo. Ya tambayi direbansa."

Makullin hannun Ziyad ya daina kaɗawa. "Ya gaya min," ya ce a daƙile.

"Nicolas, ina kake?"

"Ina majami'a, Hamma. Ni ke kaɗa ganga. Tun safe har rana ta take, duk jama'a sun gan ni."

Ba wanda ya ambaci na ukun. Nasiha na zaune gaban kwamfutar, hannayenta a cinya. Hajiya ce ta fara magana, da muryar da ba ta fita sosai.

"Nasiha. Ke da kika ce kanki ke ciwo."

"Ciwo yake, Dada. Ya fi shekara yana ciwo." Ta ɗago ta dubi Ziyad, ba ta dubi kowa ba sai shi. "A kujerar nan kake zama. Ka ce ba ka taɓa ganin hannu irin nawa ba. Ka tambayi sunan babana, ka tambayi garinmu. Sannan aka kawo min sunanka da nata, aka ce in zana, in yi kyau, tun da na fi kowa iyawa. Na zana. Na zaɓa mata labule, na zaɓa mata kwanuka. Ba wanda ya taɓa ce min sannu, Nasiha, yaya zuciyarki."

Ziyad ya kawar da kai. Nafisatu ta toshe baki, ta ce "Adda." Nicolas ya sulale ya zauna a ƙasa.

Goggo Jebba ba ta cikin masu saurin tausayi. Ta buga zanen da tafin hannu.

"Na ji wannan. Saura ɗaya. Isa ya ce rubutun tsoho ne. Yarinyar nan ba ran Lahadi ta ƙirƙiro shi ba, ɗauko shi ta yi. Wa ya sa aka haɗa sunan amaryarmu da na wani tun farko?"

Ga shi nan, ya zo masa har gida. Shiru kawai zai yi. Ya ga Nafisatu ta sauke hannu daga bakinta, ta ja numfashi. Ya dubi Ziyad, mutumin da bai cancanci ko ɗaya daga cikinsu ba, ya ji ƙiyayyar tana nan daram, ba ta ragu da ƙwayar gero ba.

"Ni ne, Goggo," in ji Kamilu.

Nafisatu ta buɗe baki, ya ɗaga murya ya danne ta.

"Ni na sa aka zana, lokacin da nake nemanta. Rawar kai ce ta samari, tun ba a ba ni ba na fara ɗinkin gado. Na roƙi Adda Nasiha ta ɓoye min. Nafisatu ba ta taɓa ganinsa ba."

Malam Isa ya dube shi ta gefen ido, ya mayar da kai ga tawadarsa. Ziyad ya yi wata 'yar dariya ta raini, wadda Kamilu zai daɗe bai manta ba. Goggo Jebba ta juya.

"Ke Nasiha, haka ne?"

Kalma ɗaya ta ishe ta ta ƙarasa abin da ta fara. Ta dubi Kamilu, ta dubi ƙanwarta a kan benci. Daga nesa aka jiyo ladanin farko.

"Haka ne," in ji Nasiha.

Goggo Jebba ta miƙe, ta jefa wa Nicolas zanen. "A warware wannan, a ɗinka na gaskiya kafin gobe. Kai kuma," ta nuna Kamilu da tabarau, "ka nemi mata ka yi aure, ka daina zana 'ya'yan mutane a gadonka."

*

Aka watse. Hajiya ta ja Nafisatu suka fita, a bakin ƙofa ta tsaya ta dafa kafaɗar Kamilu ta wuce. Ya rage daga shi sai Nasiha, da ƙarar almakashin Nicolas yana tsinke zaren zinare.

Kamilu ya zauna ya buɗe baƙar tagar. Ya nemo fure-tsoho, ya rubuta umarnin gogewa. Yatsansa ya daɗe a sama kafin ya danna.

"Ciwonmu ɗaya da kai," in ji Nasiha daga bayansa. Tana tattara kayanta a leda, Hajiya ta ce ta koma wajen babanta sai an ga abin da hali ya yi. "Ni na yi abin da zuciyata ta ce, na rasa gida. Kai ka ƙi, ka ɗaura musu aure da hannunka. Gaya min, wa ya fi wani samun sauƙi?"

"Ban sani ba, Adda," ya ce. "Ni dai ban ji sauƙin komai ba."

Ran Asabar ya sa farar rigarsa ya tafi masallaci. Unguwa duk ta ji, samari na taɓa juna suna nuna mai ɗinkin gado tun ba a ba shi ba. Ya ratsa su ya zauna a sahun gaba, kusa da Malam Isa, inda yake hango agogon Ziyad yana ƙyalli. Liman ya ambaci sunan Nafisatu, ya ambaci na Ziyad, ya ɗaga kai ya tambayi jama'a ko sun shaida.

Malam Isa ya kama hannunsa ya matse. Kamilu ya ɗago kai.

"Mun shaida," ya ce.